Santsi, Taɓo da Korar Baƙi: Siyasar Talakawan Kano Daga 1950 Zuwa 1983

A watan Disamba na 1978 wakilan jam'iyyar NPN suka hallara a Legas don tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Mutum shida ne suka nema: Shehu Shagari, Maitama Sule, Adamu Ciroma, Olusola Saraki, Joseph Tarka da Iya Abubakar. Shagari ya zo na ɗaya, Maitama Sule na Kano yana biye da shi, kuma kafin a je zagaye na biyu aka janye wa Shagari. Amma mutumin da cikin birnin Kano ya fi saurare ba ya cikin zauren. Malam Aminu Kano ya zauna da waɗanda suka haɗa NPN tun tana ƙungiya, kafin soja su ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba. Da aka zo rabon muƙamai ya ga inda aka ajiye shi, ya kuma ga su wane ne ke riƙe da akalar, sai ya tattara mutanensa ya fita. Daga wannan fita aka samu PRP.

Ba wannan ne karo na farko da aka rufe masa ƙofa ba. An haife shi a unguwar Sudawa a 1920, a gidan malamai da alƙalai, don haka shi ɗan ciki ne da ya zaɓi tsayawa a waje. Jam'iyyarsa ta NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi rawar gani a matakin farko na zaɓen 1951 a birnin Kano. Sai dai zaɓen hawa-hawa ne, kowane mataki yana tace na ƙasa da shi, kuma hukumar En'e tana da ikon cusa nata mutane. Kafin a kai mataki na ƙarshe NEPU ta zube. A 1954 Maitama Sule, wanda yana cikin waɗanda suka kafa NEPU kafin ya koma NPC, ya kayar da Malam a takarar majalisar tarayya. Sai a 1959 Malam ya shiga majalisar. Tsakanin waɗannan shekaru 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, an ƙwace wa wasu rumfunan kasuwa, wasu sun bar garuruwansu. Madinka da mahauta da 'yan koli da maƙera na lungunan birni su ne suka riƙe jam'iyyar da sisi da kwabonsu.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne wanda wannan siyasa ta nuna wa yatsa. Ta nuna wa mai rawani da ɗan doka da mai karɓar haraji. Baƙon da ya zo neman abinci ba ya cikin lissafin abokan gaba, kuma da wuya ya shiga, domin birnin kansa baƙi ne suka cika shi. Wangarawa sun iso daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, ƙarni na 14. Al-Magili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Alhassan Ɗantata, Ba'agale, ya tara jarinsa ne a fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja kafin ya shiga cinikin gyaɗa. A cikin mutum takwas da suka kafa NEPU akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba. Jam'iyyar ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe, abin da ya ba NPC damar yi mata gorin cewa ta sayar da Arewa ga 'yan Kudu.

Wannan ba ya nufin hannun talakan Kano a wanke yake. A watan Mayu na 1953 an zubar da jini tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari, a 1966 kuma aka yi wanda ya fi shi muni, kuma talakawa ne suka riƙe sandunan. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne jam'iyyar talakawa ba ta taɓa neman ƙuri'a da ƙin baƙo ba. A 1979 ma Malam ya ɗauki S. G. Ikoku, Inyamuri, a matsayin mataimakinsa.

Zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979 ya nuna ƙarfinsa da iyakarsa a lokaci guda. Ya samu ƙuri'a kusan miliyan 1.7 a faɗin ƙasa, wajen kashi 10 cikin ɗari, mafi yawansu daga Kano da Kaduna. A jihar Kano Shagari bai wuce kashi 19.94 ba, bai kai rubu'in da doka ta nema ba, kuma wannan gibi ne ya haifar da shari'ar nan ta jihohi goma sha biyu da biyu bisa uku, wadda Awolowo ya kai har Kotun Ƙoli. PRP ta ci gwamnoni biyu: Abdulkadir Balarabe Musa a Kaduna, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano. Rimi bai cika shekara arba'in ba, ɗan ƙauyen Rimi ne a ƙasar Sumaila, kuma ba shi aka fara tsayarwa ba; hukumar zaɓe ta FEDECO ce ta hana Injiniya Salihi Iliyasu takara, aka ɗauko shi. Da hawansa ya soke haraji da jangali. Duk wanda ya san abin da ake yi wa magidanci a ƙofar dagaci idan ya kasa biyan haraji ya san dalilin da har yau tsofaffi ke ambaton wannan rana.

Ba a yi nisa ba jam'iyyar ta tsage. Rimi da Balarabe sun shiga zaman gwamnoni tara masu adawa da NPN, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi, aka kore su a 1980. Ɓangaren gwamnoni, wanda tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu ya shugabanta, aka kira shi Santsi. Waɗanda suka tsaya tare da Malam, irin su Sabo Bakin Zuwo, su ne Taɓo. Gida guda a cikin birni sai ka tarar wa ɗan Taɓo, ƙane ɗan Santsi, ba sa cin tuwo a kwano ɗaya.

A daidai wannan lokaci ne batun ɗan ƙasa da baƙo ya faɗo cikin rikicin jam'iyyu, kuma daga sama ya faɗo. A watan Janairu na 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na GNPP a majalisar jihar Borno, suka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Ministan cikin gida na lokacin, Bello Maitama Yusuf, ɗan tsohuwar jihar Kano ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce Shugaba ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta ba shi diyya. A ganina wannan shari'a ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi. Ta nuna wa kowane ɗan adawa a Arewa cewa idan kakansa ya fito daga Damagaram ko Agadas ko bakin Tafkin Chadi, ana iya mayar da asalinsa makami a kansa. A birnin Kano gidaje nawa ne ba su da irin wannan kaka?

Sai Maitatsine. Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, ya fito ne daga arewacin Kamaru, ya daɗe a Kano, an kore shi a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya dawo, ya kafa sansaninsa a unguwar 'Yan Awaki inda ya tara gardawa da samarin ƙauye 'yan cirani. A ƙarshen Nuwamba 1980 gwamna Rimi ya rubuta masa takarda ya ba shi mako biyu ya tashi. Ranar 18 ga Disamba aka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, faɗan ya ci fiye da kwana goma har sai da soja suka shigo. Kwamitin Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. 'Yan NPN suka ɗora wa gwamna laifin sakaci, ɓangaren gwamna ya ce 'yan sanda da iyakoki duk a hannun tarayya suke. Amma bayanin da ya fi yi wa kowa sauƙi shi ne baƙi ne suka yi. Shugaban ɗan Kamaru ne, an kama wasu 'yan Nijar da Chadi, shi ke nan. Mafi yawan mabiyansa kuwa 'ya'yan ƙasar nan ne, waɗanda kuɗin fetur ya wuce ta kansu: suna ganin manyan motoci da sababbin benaye, suna kwana a zaure da tasha. Ɗora wa baƙi ya sauke wa kowace jam'iyya nauyin amsa wannan.

Da farashin fetur ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara rage ma'aikata. A watan Oktoba na shekarar ragowar mabiyan Maitatsine suka sake tayar da fitina a Bulumkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna. Ranar 17 ga Janairu 1983, ana saura watanni a yi zaɓe, ministan cikin gida Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Gana. Wannan ya zo ne ƙasa da shekara huɗu bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979. Wasu sun ɗauke shi ramuwa, domin a 1969 gwamnatin Busia ta kori 'yan Najeriya daga Gana, ciki har da Hausawan zango. A Arewa nauyin ya faɗa kan mutanen Nijar da Chadi: Buzaye masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu shayi, 'yan cirani da harshensu da addininsu da tuwonsu duk ɗaya ne da na mai masaukinsu.

  A Kano jam'iyyar Malam ta hau ne da fushin talaka a kan masu mulki, masu riƙe da gwamnati kuma su ne suka ɗauko maganar baƙi lokacin da baitulmali ya fara bushewa. Abin baƙin ciki shi ne jam'iyyar da tarihinta ya fi ba ta damar tsaya wa ɗan ga-ruwa tana can tana faɗa da kanta. An tsige Balarabe a watan Yuni na 1981. A watan Yuli, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, wata uku cif bayan sanarwar korar. Rimi ya sauka daga kujera ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a watan Agusta, bai fi wata uku a ofis ba soja suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake korar baƙi a 1985, daidai lokacin da fari ya addabi Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ba a buɗe iyakokin ba sai a 1986.