Miniyapolis: Garin da Ya Sayi Filayensa Tun Gine-gine Ba Su Iso Ba

Tsara filayen shaƙatawa na gari sana'a ce da ta tsaya da ƙafarta a Amurka a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Kafin lokacin, gari kan ware fili guda, ya dasa itatuwa, ya kewaye shi da shinge, shi ke nan. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, waɗanda suka ci gasar zana filin Central Park na birnin Niyok a 1858, su suka fara wuce wannan iyaka: a 1868 suka fara zana wa garin Buffalo filaye uku da faffaɗan hanyoyi masu itatuwa da ke haɗa su. Daga nan masu sana'ar suka daina maganar fili ɗaya, suka koma maganar jerin filaye da hanyoyin da ke ɗinke su. Garin da aka fi kafa misali da shi a wannan fanni shi ne Miniyapolis, a jihar Minesota.

A 1883 majalisar jihar ta yi dokar kafa hukumar filaye mai cin gashin kanta, mai ikon sayen ƙasa, karɓar haraji da cin bashi. Majalisar gari ba ta so ba, don an rage mata iko, wata ƙungiyar ma'aikata kuma ta ga abin a matsayin wurin shan iskar attajirai da kuɗin talaka. Aka kai maganar ga ƙuri'ar jama'a, ta wuce. Shugaban hukumar na farko, Charles Loring, attajiri mai injinan niƙa alkama, ya gayyato Horace Cleveland, dattijo da ya kusa shekara saba'in, ya ba da shawara.

Shawarar Cleveland gajeriya ce, amma har yau a kanta sana'ar take. Bai damu da furanni ko ƙawa ba. Cewa ya yi a sayi ƙasa yanzu, tun tana da araha, musamman gaɓar kogin Misisipi da bakin tafkuna, a haɗa su da hanyoyi, ado kuwa ya jira na baya. Ya nemi hukumar ta hango garin bayan shekara ɗari, lokacin da zai ɗauki mutum miliyan. A nan hasashensa ya zarce: ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 430,000 ne a cikin iyakar garin. Amma a batun farashi bai yi kuskure ba. Bakin tafkin da aka samu da kuɗi kaɗan, wani ma kyauta daga masu gonakin da suka san hanya za ta ɗaga darajar sauran filinsu, yau babu hukumar da za ta iya biyan diyyarsa. Dalilin da ya sa kenan kusan duk bakin tafkunan garin na jama'a ne, ba bayan gidan wani mai kuɗi ba. A 1889 aka ƙara da wurin da ruwan Minnehaha ke zubowa daga dutse, a 1891 kuma William Folwell ya raɗa wa zagayen filayen da hanyoyin suna Grand Rounds, wato babban kewaye.

Sayen fili aiki ne, mai da shi wurin zuwa wani aikin ne daban. Wannan ya faɗa kan Theodore Wirth, haifaffen Suwizalan, wanda ya riƙe ragamar filayen daga 1906 zuwa 1935. Ya yashe tafkuna masu fadama, ya cike gefensu da ƙasar da aka kwaso, ya haƙa mashigin ruwa tsakanin wasunsu har kwalekwale ya iya ratsawa daga wannan zuwa wancan. Ya cire shingaye da allunan hana taka ciyawa. A zamaninsa faɗin filayen ya tashi daga eka kusan 1,800 zuwa sama da 5,000. Zamanin ya zo daidai da yunƙurin gina wuraren wasan yara a faɗin Amurka, don haka ya sa wa kansa ma'auni: kowane gida ya samu fili a kusa, inda yaro zai taka da ƙafa ya je. Wannan ma'auni na tazara shi ne kakan abin da masu tsarawa ke kira tafiyar minti goma a yau.

Sai dai hanyar biyan kuɗin ta bar baya da ƙura. Dokar Elwell ta 1911 ta ba da damar ɗora kuɗin sabon fili a kan masu gidajen da ke kewaye da shi. Unguwar da ke da hali ta amince ta biya, ta samu fili mai kyau. Wadda ba ta da shi ta ce ba za ta iya ba, ta zauna haka. Taswirar da aka zana domin kowa sai ta bi sawun arziki. Kudu maso yammacin garin, inda tafkuna suke, ya wadata, arewa da gabas, inda masana'antu da layin dogo suka yi yawa, suka samu ragowa.

Bayan yaƙin duniya na biyu mota ta karɓe gari. Manyan tituna suka gutsure wasu filayen, hanyoyin da aka shimfiɗa don keken doki suka zama hanyar zuwa aiki. A farkon shekarun 1970 hukumar ta sake fasalin zagayen: ta rage faɗin titi, ta raba hanyar masu tafiya a ƙafa da ta masu keke, abin da har yanzu baƙo ke fara lura da shi a bakin tafkunan.

A daidai wannan lokaci sana'ar ta samu sabon fili inda ba a zata ba. Kamfanonin jirgin ƙasa suna ta barin layukan da suka daina riba. A 1963 May Watts ta rubuta wa jaridar Chicago Tribune wasiƙa tana neman a mai da wani tsohon layi hanyar ƙafa, aka kuwa yi. Layin dogo ya dace da wannan aiki ƙwarai: dogo ne, ba shi da tudu mai wuya, da gadojinsa a shirye, kuma mai shi ɗaya ne, ba sai an bi gida ɗari ana ciniki ba. Gyaran dokar tarayya na 1983 ya ba da damar ajiye irin waɗannan layuka a matsayin hanyar jama'a, da sharaɗin jirgi zai iya dawowa in buƙata ta taso, dokar sufuri ta 1991 kuma ta buɗe kuɗin tarayya ga hanyoyin keke. Miniyapolis ta ci moriyar wannan. Gadar dutse da James Hill ya gina wa jiragensa a kan Misisipi a 1883 ta koma ta masu ƙafa da keke a 1994. Tsohon layin da ya ratsa kudancin garin a cikin rami ya zama Midtown Greenway, mai tsawon kusan kilomita tara, wanda aka fara buɗewa a 2000.

Abin da masu sana'ar suka fi jin tsoro yanzu ba rashin fili ba ne, kuɗin kulawa ne. Ɗan siyasa yana son yanke ƙyallen buɗe sabon wuri, amma rufin da ke yoyo da kwaltar da ta tsage ba su da biki. Ga kuma abin da ba a kasafta ba: cutar da ta kashe dubban itatuwan elm a shekarun 1970, da ƙwaron da ya tilasta sare itatuwan ash kusan 40,000 daga 2014. A 2016 hukumar da majalisar gari suka ƙulla yarjejeniyar shekara ashirin, ta kusan dala miliyan 11 duk shekara, don gyaran filayen unguwanni. Wannan karon ba a bi mai ƙarfin murya ba. Ana auna talaucin unguwa, cunkosonta, yawan yaranta da lalacewar kayan filin, sannan a jera wanda za a fara da shi. Gyara ne ga abin da dokar 1911 ta ɓata, bayan shekara ɗari da biyar.

Yau hukumar, wadda kwamishinoni tara zaɓaɓɓu ke jagoranta, tana riƙe da eka sama da 6,800 a wurare kimanin 180, babban kewayen kuma ya kai kusan kilomita 80. Amma bai rufe ba. A gabashin garin, tsakanin arewa maso gabas da yankin jami'ar jihar, akwai giɓin da ba a saya ba a zamanin Cleveland, masana'antu da layukan dogo suka riga hukumar isa wurin. Har yanzu ana neman filin ɗan kaɗan-kaɗan, a kan farashin yau.