Ƙuduri da Taurin Kai: Nazari daga Ƙasar Gumel

Bahaushe bai tara abin da ke tura mutum ga aiki cikin kalma guda ba. Niyya ita ce farko, mahallinta zuciya, kuma babu mai ganinta sai mai ita. Azama ita ce niyyar da aka ɗaure, aka daina shawara a kanta. Himma zafin da ake shiga aiki da shi ne, naci kuwa komawa ne ga abu bayan ya ƙi. Daga gefe akwai taurin kai, wanda kan yi kama da naci har a ruɗe. Ƙuduri ya ƙunshi huɗun farko, kuma abin da ya raba shi da taurin kai guda ne: mai ƙuduri yana riƙe manufa ya sauya hanya, mai taurin kai yana riƙe hanya ko da manufar ta salwanta.

Malaman tauhidi na mazhabar Ash'ariyya, wadda ita ce ta daɗe a zaurukan karatu na ƙasar Hausa da Barno, sun tsaya tsakanin masu cewa an tilasta wa bawa komai da masu cewa shi ke halittar aikinsa. Sun ce Allah ne mahaliccin aiki, bawa kuma yana da kasabi, wato zaɓin da a kansa ake masa hisabi. Aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana ta gabatar da azama kafin tawakkali. Saboda haka wanda ya naɗe hannu ya ce yana jiran ƙaddara ba shi da madogara a wannan karatun.

Tarihin masarautar Gumel ya nuna bambancin ƙuduri da taurin kai a aikace. Ɗan Juma da Mangawan da ke tare da shi ne suka kafa ta wajen 1750, ba da jimawa ba kuma ta shiga ƙarƙashin Barno tana kai gaisuwa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya mamaye Kano da Katsina da Haɗeja, Gumel ba ta shiga daular Sakkwato ba. Ta zauna a matse: Haɗeja a gabas, Kano a kudu maso yamma, Damagaram a arewa. Kafin ƙarni na 19 ya kai rabi aka tashi daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, aka mai da fada garin Gumel. Yaƙi da Haɗeja ya ja har zuwa rasuwar Sarki Abdullahi a 1872, hare-haren Damagaram kuma suka rage jama'ar ƙasar a ƙarshen ƙarnin. A 1903 Sarki Ahmadu ya yi sulhu da Turawan Ingila ba tare da yaƙi ba.

Mai karanta wannan jerin da gaggawa zai ga ja da baya ne kawai: an bi Barno, an bar gari, an miƙa wuya. Amma abin da ake karewa shi ne gidan sarauta da jama'arsa, kuma gidan nan na Mangawa ne ke kan karaga har yau. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Haɗeja ta bi wata hanya dabam a Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya tari Turawa aka kashe shi a fagen daga, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Babu wanda zai kira wannan taurin kai, domin manufarsa ita ce kada ya rayu a ƙarƙashin baƙo, kuma ita ya riƙe. Ƙudurin sarakunan biyu bai bambanta a ƙarfi ba, abin da kowannensu ya ƙudurta ne ya bambanta.

A gona ake ganin lamarin kowace shekara ba tare da tambura ba. Ƙasar Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa, a masarautar Gumel, jigawa ce, damina gajera, daga Yuni zuwa Satumba in an yi dace. Manomi kan yi binne, wato ya zuba irin gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don kada kwanakin farko su wuce shi. Idan an yi yayyafi tsiro ya fito sannan sama ta ɗauke, shuka ta ƙone, sai ya sake. Wani lokaci sau uku. In geron ya makara ya juya ga wake ko riɗi ko zoɓo, in rumbu bai cika ba ya tafi cin rani Kano ko kudu, ya dawo da jin hadarin farko. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi sun watsa gidaje, amma ba su tashi noman gero daga yankin ba.

Sai dai ƙuduri yana da iyaka, kuma masu wa'azin himma sukan ƙi faɗin wannan. A jami'ar Stanford ta Amurka, Walter Mischel ya gwada yara da alewa: wanda ya jira za a ba shi biyu. An daɗe ana cewa haƙurin nan ne ke nuna wanda zai yi nasara a rayuwa. A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka sake duba batun da yara sama da 900, suka ga alaƙar ta ragu ƙwarai da zarar an lissafa halin gidan da yaro ya fito. Yaron da ya saba ganin alkawari yana cika shi ne jira ke yi wa sauƙi.

Kasuwar dabbobi ta Maigatari, mai ci ranar Alhamis, ta ɗanɗana irin wannan iyakar. Raƙuma da shanu da raguna daga Nijar ne jigonta. Gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe ta Maigatari tare da Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har Maris ɗin 2024. Dillali da ɗan kamasho da mai lodin mota ba su rasa himma a watannin nan ba. Shingen ne ya fi ƙarfin himmarsu, kuma zargin talaka da lalaci a irin wannan hali zalunci ne. Abin da ƙudurinsu ya iya shi ne riƙe amana da hulɗar da ke tsakaninsu da fataken Dungas da Damagaram, ta yadda da aka ɗage shingen kasuwar ta koma ci ranar Alhamis kamar yadda ta saba.