Babi Na Uku: Tarihin Hanyoyin Haɗin Gwiwa da Talla Tsakanin Masu Ƙananan Sana'o'i a Karkarar Arewacin Kano

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin hanyoyin da masu ƙananan sana'o'i na karkarar arewacin Kano suke bi wajen haɗa hannu a kan aiki ɗaya da kuma tallata abin da suka samar, tun daga ƙarni na 19 har zuwa bayyanar wayar salula da intanet. Yankin da ake magana a kai ya haɗa da ƙasashen Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, waɗannan sababbin na'urori ba su ne suka ƙirƙiro haɗin gwiwar ba. Sun tarar da tsohon tsari ne a ƙasa, suka shiga cikinsa.

3.1 Ƙasa da Sana'a Kafin Zuwan Turawa

Masana labarin ƙasa, musamman Mortimore da Wilson (1965), sun bayyana kewayen birnin Kano a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, sai dai a riƙa ciyar da ita da taki. Gonakin ƙanana ne, gādo kuma yana ƙara tsattsaga su. Damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Saboda haka magidanci ba zai iya riƙe iyalinsa da fartanya kaɗai ba, dole ya haɗa da sana'ar rani. Wannan ne ya sa kusan kowane manomi a yankin ya kasance masaƙi ne ko marini ko maƙeri ko baduku ko ɗan koli.

Sana'ar tufafi ita ce ta fi nuna yadda haɗin gwiwar yake. Riga ɗaya takan ratsa hannuwa da yawa kafin ta isa kasuwa. Manomi ya noma auduga, mata a cikin gida su gurje ta su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa siraran ƙyallaye, maɗinki ya harhaɗa su, marini ya tsoma a karofi, sannan a kai wa mabuga su fito da ƙyallinta. Waɗannan mutane ba a rumfa ɗaya suke ba, hasali ma sau da yawa ba a gari ɗaya suke ba. Ƙasar Minjibir ta yi suna wajen saƙa, Kura da ke kudu da birni kuwa ta shahara da rinin turkuɗi wanda Buzaye suke naɗawa. Shea (1975) ya nuna cewa yawancin wannan masana'anta a garuruwan karkara take, ba cikin ganuwar birni ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla.

Tambayar da ta dace a yi a nan ita ce, ta yaya masaƙin da ke zaune a ƙauye yake sanin irin zanen da ake so a Agadas ko Gwanja? Amsar tana wurin mutum uku: dillali da fatoma da bafatake. Bafatake yakan dawo da labarin abin da kasuwannin nesa suke nema. Fatoma, wato mai masaukin baƙi, yakan sauke ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu sayarwa, kuma ya tsaya masa idan ana maganar bashi. Dillali kuwa shi ne mai yawo da kaya a Kasuwar Kurmi da kasuwannin ƙauye, yana karɓar la'ada. Attajiri yakan ba masaƙi zare ko kuɗi tun kafin aiki, a yi alkawarin ranar kasuwa. Akan rubuta wasiƙa da Larabci ko ajami idan tafiya ta yi nisa, amma mafi yawan cinikin da baki ake ƙulla shi, a gaban shaidu. Jarin wannan tsari na gaskiya shi ne amana, domin wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa yakan riga shi isa kasuwa ta gaba.

3.2 Zamanin Turawa da Bayan Mulkin Kai

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Daga 1912 noman gyaɗa ya bunƙasa, yadin kanti ya riƙa shigowa da araha, fataucin hamada ya ja baya. Hill (1977) tana ganin wannan zamani ne ya raunana sana'o'in karkara, ya mayar da harkar ciniki cikin birni. Daga baya masaƙun zamani na Bompai da Sharada da Challawa suka ƙara matse masaƙin gargajiya, su ma kuma yawancinsu suka durƙushe bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da kwararowar yadin ƙasashen Asiya.

Duk da haka sana'ar hannu ba ta mutu ba, sauya kama ta yi. Keken ɗinki ya shigo, aikin hula da surfani ya yaɗu, maƙera suka koma ƙera garmar shanu da ƙofofi da tsofaffin ƙarafa, mata suka riƙe man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ɗan saƙo a wannan lokaci shi ne direban mota da yaronsa. Talla kuwa, ta rediyo da jarida ta fi ƙarfin aljihun mai ƙaramar sana'a, don haka ya tsaya ga ranar kasuwa, matan kulle kuma suka dogara da farantin da 'ya'yansu suke ɗauka a ka. Wayar tarho ba ta cikin lissafi, domin har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, su ma a manyan birane.

3.3 Zuwan Salula da Intanet

A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. Da farko layin yana da tsada ƙwarai, sai aka riƙa biyan kuɗi ana kira a rumfunan masu waya. Amfanin farko da masu sana'a suka samu shi ne rage tafiyar banza. Maɗinkin hula ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Kantin Kwari ba don kawai ya ji ko zaren da yake nema ya zo.

Babban sauyi ya zo ne da wayoyi masu kyamara da manhajar WhatsApp, wadda ta fito a 2009, ta kuma ƙaro saƙon murya a 2013. Muhimmancin saƙon murya a wannan yanki ya cancanci a tsaya a kansa. Da yawa daga cikin masu sana'a karatun allo suka yi, rubutun boko bai zauna musu ba, balle Turanci. Saƙon murya ya ba su damar yin ciniki yadda kakanninsu suka yi, wato da baki, da gaisuwa da tayi da albarka, sai dai yanzu maganar tana ajiye, ana iya sake sauraronta idan gardama ta taso. Ta wannan fuska wayar ta ɗauki wani ɓangare na aikin shaidu. Hoto kuma ya maye gurbin samfur. Mai shago a Legas ko Yamai zai turo hoton zanen hular da yake so, mai ba da aiki ya tura wa maɗinkansa a ƙauyuka uku ko huɗu cikin zaure ɗaya na WhatsApp, a gama, a ɗaure ƙunshi, a rubuta lambar waya a jikinsa, a ba direba a tasha. Kuɗi kuma su shigo ta asusu, a cire wurin mai POS. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutane da dama da a da suke gudun banki buɗe asusu.

Matan aure ma sun samu ƙofa. Wadda take haɗa turaren wuta ko sabulu ko man gyaɗa tana iya ɗora hoton kayanta a waya, 'yan'uwa da ƙawaye su gani su yaɗa, ba tare da ta fita ba. Sai dai kada a ɗauka farantin talla ya ɓace, domin ƙuliƙulin da za a sayar a unguwa har yanzu a ka yake yawo.

Akwai masu ganin cewa intanet za ta kawar da dillali, mai sana'a ya sadu da mai saye kai tsaye. Abin da ake gani a zahiri bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Samarin da suka iya ɗaukar hoto da rubutu a Facebook da Instagram da TikTok sukan tallata kayan da ba su suka yi ba, su ɗora ribarsu a kai, sannan su nemo kayan bayan an biya. Wannan dillanci ne, ko da an canza masa suna. Bambancinsa da na da shi ne, tsohon dillali la'adarsa sananniya ce, kuma mai kaya yana iya tsayawa a gefe ya ji yadda aka sayar. Na yanzu kuwa mai sana'a sau da yawa bai san nawa aka sayar da aikinsa ba, bai kuma san wanda ya saya ba, sunansa ma ba ya fitowa a jikin hoton.

Haka nan matsalar amana ta dawo da sabon salo. Akan turo shaidar biyan kuɗi ta bogi a karɓe kaya, akan kuma karɓi kuɗin mai saye a kashe waya. Zanen da mutum ya ɓata makonni yana tsarawa, da zarar hotonsa ya fita, kowa na iya kwaikwaya. Saboda haka masu sana'a da yawa ba sa sakin kaya mai tsada ga baƙuwar lamba sai wani sananne ya tsaya mata, ko ɗan gari da ke zaune a can, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ko direban da aka daɗe ana hulɗa da shi. Aikin fatoma ke nan ba tare da masauki ba.

Daɗin daɗawa, na'urar ba ta magance abin da ya fi ci wa mai sana'a tuwo a ƙwarya ba. Wutar lantarki ba ta tsayawa a ƙauyuka, waya ma sai an kai ta wurin mai caji. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin aika kaya, sannan a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Maƙerin da aka turo wa hoton garma ashirin daga Maraɗi, in ba shi da kuɗin ƙarfe da gawayi, dole ya koma wurin attajirin da zai ba shi jari a kan sharaɗin shi zai sayi kayan, kamar yadda masaƙin Minjibir yake karɓar zare a hannun attajiri a zamanin Barth.