Farin Dutsen Malbaza da Man Agadem

Tun cikin shekarun 1960 ake fasa farin dutse a Malbaza ana ƙona shi ya zama siminti. Wanda ya ɗauki gutsurensa ya duba da kyau, ba mamaki ya ga ƙwanson halittun ruwa daskare a ciki. Shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ce kwance a kan ƙasar Adar, daga Illela da Ƙonni har Sakkwato. Da ta janye sai ta bar wannan shimfiɗa, irin wadda ake haƙa a Kalambaina. Masana suna kiran kwarin gaba ɗaya Iullemmeden.

Ɗan'uwan wannan dutse ne ya fara yi wa Gabas ta Tsakiya arziki. A watan Mayun 1908, a Masjid Sulaiman ta ƙasar Iran, masu haƙa suka huda wani farin dutse da ake kira Asmari, mai ya yi tsiri. Shi kansa dutsen a matse yake, da ƙyar mai ke ratsa shi. Amma lokacin da tsaunukan Zagros ke tasowa ƙasa ta lanƙwashe, dutsen ya tsattsage. Man na zaune cikin 'yan ƙofofin dutsen, yana tsattsafowa cikin tsaga, ita kuma tana kai shi rijiya, kamar yadda ƙoramu ke kai wa kogin Majiya ruwa da damina. Shi ya sa rijiya guda kan ba da ganga dubbai a rana.

Sai dai tsaga ba ta da amana. Ruwan gishirin da ke ƙarƙashin man shi ma ita yake bi, in aka matsa wa rijiya da zuƙa sai ya riga man isowa, a bar dukiya maƙale cikin dutse. Tsagar da ta kai har doron ƙasa kuwa, tsiyayar da mai da iskar gas take yi. Sa'ar Iran ita ce gishiri mai kauri ya rufe dutsen ta sama.

To me ya hana Malbaza samun mai? Zurfi. Ragowar halittu ba sa zama mai sai sun dahu da zafin da ya kai digiri 60 zuwa 120, abin da galibi sai a zurfin kilomita 2 zuwa 4 ake samu. Nan kuwa bakin kwari ne, shimfiɗar ba ta da kauri, dutsen yana fili ba murfi. Tsagarsa ruwan sama take sha, kuma a ƙasa irin Adar wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Can gabas labarin ya sha bamban. Sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, fiye da shekaru miliyan 100 baya, ƙasa ta dare a yankin Termit, wani sashe ya nitse, laka da yashi suka cika ramin, kaurinsu a wasu wurare ya wuce kilomita 10. Manyan tsagun suka zama hanyar da mai ke bi ya hau, wasunsu kuma, inda laka ta toshe su, suka zama katangar da ke tare shi cikin yashi. Kamfanin Texaco ya ga alamarsa a 1975, amma nisa da teku ya sa aka bar shi kwance. Sai a 2008 kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya karɓi filin Agadem da ke wannan yanki, a 2011 matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ta fara tace ganga 20,000 a rana. Kamfanin nan dai ya samu mai a kwarin Bongor na Cadi cikin dutsen giranit, wanda ba domin ya tsattsage ya rududduge ba da ko ɗigo ba zai riƙe ba.

A watan Mayun 2024 aka loda jirgin ruwa na farko da man Agadem a Seme ta ƙasar Benin. Bututun da ke kai shi, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jihohin Difa da Damagaram da Maraɗi, ya bi ta kudancin jihar Tawa kafin ya shiga Doso.