Gandu da Gayya: Yadda Manoman Kano Suka Rarraba Hannu

A shekarar 1932, 'yan mata 14 suka tsere daga wata makarantar horo a garin Hudson na jihar New York cikin mako biyu. Likitan ƙwaƙwalwa Jacob Moreno da Helen Jennings suka tambayi kowace ɗaliba wadda take son zama da ita, suka zana amsoshin, aka sake rabon ɗakuna bisa zanen. Littafin Moreno na 1934 yana cikin tushen nazarin alaƙar jama'a, wanda a yau ake amfani da shi, ta hanyar kwamfuta, wajen haɗa ma'aikata rukuni-rukuni.

Manoman arewacin Kano sun daɗe da wannan lissafi ba tare da takarda ba. A karkarar da Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana a 1965 a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, gona ba ta hutawa. Takin da jakuna ke kaiwa ne ke riƙe ta. Damina gajera ce, kuma wanda ya makara a noman fari ciyawa ta cinye masa gero. Don haka tambayar wa zai yi aiki da wa, a wace rana, batu ne na rumbu.

An amsa ta ta hanyoyi uku. Ta farko tilas ce: a Fanisau, cikin Ungogo ta yau, bayi ne suka noma gandayen sarauta a ƙarni na 19. Ta biyu jini ce: a gandun gida, 'ya'ya ko da sun yi aure suna noma ƙarƙashin uba, shi kuma ya ciyar da su, ya biya haraji, ya bar musu gayauna. Ta uku ita ce gayya, wadda ta dogara kacokan kan alaƙa. Mai gona yakan duba surukai, maƙwabta da waɗanda ya taɓa yi wa aiki, ya bi ta hannun mai faɗa a ji cikin samari, ya tanadi tuwo da fura. Makaɗan noma kuwa sukan zuga abokan gasa da kirari. Mutum ɗaya mai jama'a kan kawo hannu da yawa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, kuɗi suka shiga gona, ƙwadago ya riƙa maye gurbin gayya. Binciken Polly Hill a Ɗorayi, wanda ya fito a 1977, ya nuna magidanta da yawa ba su da isasshiyar gona.

Nan aibin tsarin yake. Gayya ramuwa ce, kuma tana buƙatar hatsi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Mai wadata ke iya kiranta. Talaka yakan bar tasa gonar ya tafi ta wani. Manhajar da ke haɗa ma'aikata bisa wanda ya saba da wane tana iya gadon wannan aibi: sabon ma'aikaci, ko mace a ofishin da maza suka fi yawa, ba za su fito sosai a zanen ba. Manajan da ya karɓi jerin sunayen ya kamata ya fara duba waɗanda babu layin da ya kai gare su.