Makantar Kogi da Yadda Aka Yaƙe Ta

A ƙasashen da kogin Bolta da rassansa suke ratsawa, watau arewacin Gana da Burkina Faso da maƙwabtansu, a da akwai wani abu mai ɗaure wa baƙo kai. Sai ya ga fadama mai albarka a bakin kogi ba mai noma ta, garuruwan gaɓa sun zama kufai, mutane kuwa sun cunkushe a kan tudu mai tsakuwa suna fama da yunwa. In ya shiga ƙauyukan da suka rage kusa da ruwa, sai ya tarar da magidanta, ga su da sauran ƙarfinsu, amma yara ne ke jansu da sanda. Ta wannan yanki ne fa fataken Hausa suke bi zuwa Gwanja sayen goro. Mutanen wurin sun tabbata kogi ne yake cinye musu idanu, ko da yake ba su san ta yaya ba. Ba su kuwa yi nisa da gaskiya ba.

Asalin cutar wata tsutsa ce siririya kamar zare, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda yake ɗauka daga jikin wani ya kai jikin wani in ya yi cizo. Shi ƙudan nan ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu da ƙarfi, inda yake dukan duwatsu yana kumfa. Tsutsar in ta girma sai ta dunƙule a ƙarƙashin fata, ta yi kumburi mai tauri, ta yi ta zuba 'ya'ya dubbai har wajen shekara 14. 'Ya'yan nan su ne masu ɓarna. Suna yawo cikin fata, su jawo ƙaiƙayi mai hana barci. Waɗansu kuwa sukan shiga ido su mutu a ciki, idon ya yi ta kumburi yana tabo, sannu-sannu har gani ya tafi. Cizo ɗaya ba ya makantarwa, sai na shekara da shekaru. Shi ya sa manoma da masunta suka fi shan wuyarta, ta kuma kama su daidai lokacin da iyali suka dogara gare su.

Likitoci sun daɗe kafin su harhaɗa labarin. Cikin 1915 Rodolfo Robles ya gane a ƙasar Gwatemala cewa tsutsar tana taɓa ido. Cikin 1926 Blacklock ya nuna a Saliyo cewa baƙin ƙudan ne yake yaɗa ta. Daga baya Jean Hissette a Kwango, da Harold Ridley a arewacin Gwalkwas, watau Gana ta yau, suka tabbatar ita ce take makantar da mutanen Afirka. Amma fa sani dabam, magani dabam. Magungunan da ake da su a lokacin suna da haɗari ƙwarai, ba su yiwuwa a raba wa gari guda.

Sai cikin 1972 shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya ziyarci Burkina Faso, wadda a sa'an nan ake kira Bolta ta Sama, ya ga makafin da idonsa. Cikin 1974 aka kafa babban shiri tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, hedkwatarsa a Wagadugu, ya haɗa ƙasa 7: Bolta ta Sama, Gana, Mali, Nijar, Togo, Kwaddibuwa da Dahomi. Dabarar da aka yi abar lura ce. Tun da ba a iya kashe uwar tsutsa a jikin mutum, sai aka ce to, a hana ƙudan haihuwa har tsutsotsin da ke jikin mutane su tsufa su mutu don kansu. Watau yaƙi ne na wa ya fi wani haƙuri. Kowane mako jiragen sama masu saukar ungulu suna bin koguna suna zuba magani a inda ruwa yake gudu, damina da rani, ba fashi.

Aikin bai tafi sumul ba. Iska takan kwaso ƙudaje daga ƙasashen da ba a yi feshi ba, ta kawo su daga nisan ɗaruruwan mil. Waɗansu kuma suka saba da maganin har ya daina kashe su, dole aka riƙa sauya shi. Saboda haka cikin 1986 aka faɗaɗa shirin, ƙasashen suka zama 11.

Ana nan sai sauƙi ya zo ta inda ba a zata ba, daga maganin tsutsar dabbobi mai suna ivermectin, wanda ya fito daga binciken Satoshi Omura na Japan da William Campbell a Amurka. Ba ya kashe uwar, amma yana share 'ya'yan, ya kuma hana ta zuba waɗansu har watanni. Cikin 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da shi kyauta, da sunan Mectizan, muddin ana bukata. Saura kai shi ƙauyukan da ba likita. Nan aka bar wa mutanen gari su zaɓi nasu masu rabawa. Ba a bukatar sikeli, sai wata sanda mai zane da ake gwada tsawon mutum, a san ƙwaya nawa zai sha. Da wannan hanya aka kafa shiri na biyu cikin 1995, wanda ya kai ga Nijeriya da Kamaru da Cadi da Sudan.

Da aka rufe shirin farko cikin 2002, an ƙiyasta ya tsare mutum wajen 600,000 daga makanta, an kuma koma noman fadamun da aka gudu aka bari. Omura da Campbell sun sami kyautar Nobel cikin 2015. Cikin Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. A Nijeriya da Kamaru kuwa har yanzu ana fitowa da sandar awo kowace shekara.