Dutse Mai Tafasa: Yadda Ziyolait Ya Taso Daga Masana'anta Ya Shiga Kwalbar Magani

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda data ta hana su saurara.

Idan kana yawo a TikTok ko WhatsApp, wataƙila ka ci karo da tallan wani farin gari da aka rubuta wa zeolite a jikin kwalba. Wai yana wanke guba daga jiki, yana ƙara tsawon rai. To, yau bari mu bi asalinsa.

A shekarar 1756, wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya gasa wani dutse, sai ya ga yana fitar da tururi kamar tukunya a kan murhu. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, "tafasa" da "dutse", ya raɗa masa suna. Yawancinsa daga tokar dutse mai aman wuta yake samuwa, idan ta daɗe tana jiƙa a ruwa mai kanwa-kanwa. Cikinsa cike yake da ramuka ƙanana kamar rariya, kuma ramukan nan suna kama wasu sinadarai su riƙe.

Wannan baiwar ce ta ba shi daraja. Daga wajen 1950 aka fara ƙera shi a masana'antun Amurka. Ya shiga tace man fetur, garin sabulun wanki, tace ruwa da abincin dabbobi. Da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a 1986, an yi amfani da shi wajen kama sinadarin siziyom mai guba. Haka aka yi a Fukushima ta Japan a 2011, inda aka jefa buhunansa a cikin teku.

Ka ga inda 'yan kasuwa suka samo labari. Suka ce, abin da ya tsaftace Chernobyl, ai jikinka wasa ne. Kuma a 1994 Amurka ta yi dokar da ta ba da damar sayar da kayan ƙarin lafiya ba tare da an fara tabbatar da cewa suna aiki ba. Kasuwa ta buɗe, intanet ta ƙarasa sauran.

Amma fa jikin mutum ba tankin ruwa ba ne. Garin da ka sha a hanji yake bi ya fita, ba ya shiga jini ya je ya kwaso dalmar da ta zauna a ƙashi. Babu wani bincike da ya tabbatar yana ƙara wa ɗan Adam shekaru. Sannan tunda aikinsa kamawa ne, wanda aka haƙo zai iya zuwa da tasa dalmar daga ƙasa, zai kuma iya riƙe wani maganin da likita ya ba ka.

Akwai wani darasin daga Turkiyya. A shekarun 1970, likita Izzettin Baris ya gano cewa mutanen ƙauyukan Karain da Tuzkoy suna mutuwa da wata kansa mai kama fatar huhu. Dalili? Dutsen da suke gina gidaje da shi yana ɗauke da wani nau'in ziyolait mai suna eriyonait, suna shaƙar ƙurarsa tun suna yara. A yi adalci: ba shi ake sayarwa a kwalba ba. Amma ya nuna mana cewa "daga ƙasa ya fito" ba shaidar aminci ba ce.

Mu kanmu mun san guba ta gaske. A 2010, gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Me ya ceci sauran? Gwajin jini, kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da magani na musamman da likitocin MSF suka riƙa bayarwa suna sa ido.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka tura kuɗin da ka sha wahalar samu, yi tambaya uku. Wace guba ce takamaimai? Wane gwaji ne ya nuna tana jikina? Akwai lambar NAFDAC? Idan kana zargin guba a jikinka, asibiti za ka nufa. Kuma don Allah kar wani ya sa iyayenmu su ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda garin dutse.

Ku tura wa wanda kuka san yana shirin saya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.